Takardun da Suka Hana Ka Gani, Alhaji Idrisa

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Talata 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Alhaji Idrisa Shekara, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, tsohon ɗan majalisar ƙasa mai wakiltar yankinmu, a gidansa da ke Matameye. Ya rasu yana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar wata biyar. An yi masa sutura bayan azahar. Manoma da yawa sun bar girbi a gona suka biyo makara, wasu da magirbi a hannu.

Ni sunana Lawwali. Duk wanda ya tsufa a garin nan ya san ni da Lawwali mai wasiƙa, domin shekara arba'in na yi ina zaune gindin ɗalbejiya kusa da ofishin suparfe, wato shugaban gundumarmu na gwamnati, da teburina da keken rubutuna, ina rubuta wa jama'a wasiƙu. Na rubuta wa mata zuwa ga mazajensu da suka tafi cin rani Kano da Ikko, na rubuta wa manoma koke da Faransanci zuwa ga hukuma. Na jinkirta wannan ta'aziyya fiye da wata guda, kuma dalilin jinkirin yana cikinta.

Alhaji, da kai nake magana, kamar yadda muka saba.

Na fara saninka kana mushe a lakwal, kamar yadda muke kiran malamin makaranta, da ɗan kekenka mai ƙara, kana bi gida gida kana roƙon iyaye su ba ka yara. Idan uba ya ce yaronsa na kiwo, sai ka ce to a ba ka shi da safe, da yamma kai da kanka za ka taya shi koro awaki. Kuma ka yi. Mutanen Kurni har yau suna ba da labarin malamin da suka gani da farar riga yana bin akuya a cikin gonar wake. Da ka bar koyarwa ka karɓi shugabancin ƙungiyar manoma, ba ka sake hali ba. Ranar da matata Indo ta yi doguwar naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, kai ne ka sa aka sauke buhuna daga motar ƙungiya a tsakiyar kasuwa, aka shimfiɗa mata tabarma, aka kai ta Damagaram. Direbanka Haruna ne ya tuƙa. Ɗan da aka haifa a ranar yanzu yana da furfura.

Kowa ya san abin da ka yi a yunwar tamanin da huɗu. Damina ta ƙi, rumbuna suka koma wofi, kan iyaka kuma a rufe. Manya a lokacin ba sa son a ji kalmar yunwa a bakin kowa. Kai kuwa ka nemi masara daga wancan gefe, ana shigo da ita a kan jakuna ta cikin daji, Haruna yana tarye ta da mota a wani kwari, a raba wa ƙauyuka da tiya. Sau huɗu aka yi lafiya. A na biyar jandarmomi suka riga ku zuwa kwarin. Aka ce sumoga ne, aka ce kana zuga talakawa. Ka yi wata goma sha shida a gidan kaso, ka fito da ciwon ƙirjin da bai rabu da kai ba har kabari.

An kama ku tare da Haruna, amma shi bayan kwana uku aka sake shi. Nan gari ya yanke hukunci. Mutum biyu ne suka san rana da hanya, ɗaya yana kaso, ɗaya yana gida. Tun daga ranar aka laƙa masa Kunnen Gwamnati. Idan ya iso majalisa sai hira ta mutu. Da ya koma jan motar haya zuwa Damagaram, sai a bar motarsa a tasha a jira ta baya. Yau jikokinsa ma a lakwal ana ce musu jikokin Kunne, alhali ba su san mafarin maganar ba.

Da ka fito ka sake ɗaukarsa aiki, kana zaton haka zai wanke shi. Sai abin ya juye. Mutane suka ce dubi haƙurin Alhaji, ya yafe wa wanda ya ci amanarsa. Ka faɗa a masallaci, ka faɗa a taron siyasa, cewa babu abin yafewa tsakaninka da Haruna domin bai yi maka komai ba. Sai su gyaɗa kai su ce Allah ya ƙara maka haƙuri. A nan ka gane cewa garin nan ba zai yarda da bakinka ba, sai ya ga takarda.

Takardar kuwa tana nan. Ka san jami'an tsaro suna da dosiye a kanka, wato tarin rahotannin da aka riƙa aika musu game da kai, tun kana mushe. Ba ka taɓa jin tsoron masu bin ka ba. Akwai wani mai baƙin tabarau da yakan zauna a kan benci daura da ƙofar gidanka tun safe. Kai ne kake cewa a kai wa ɗan gwamnati shayi, kada ya rubuta cewa mutanen Matameye marowata ne. Wata rana hadari ya taso, ka aika masa da lema. Har da ka zama ɗan majalisa a shekarun da aka buɗe siyasa, ba su daina ba, sai dai suka sake mai tabarau.

Sau bakwai ka rubuta wa babban ofishinsu na Yamai kana neman a nuna maka dosiyenka. Ba duka ka nema ba ma. Shafi ɗaya ka roƙa, wanda ya faɗi inda suka sami labarin kwarin. Na san adadin domin ni na buga wasiƙun bakwai ɗin da hannuna. Amsa ta farko ta ce babu wani dosiye mai sunanka. Ta biyu ta ce ana nazarin buƙatarka. Ta uku ta ce takardun wancan zamani sun salwanta a lokacin da aka sake gini. Sauran ba a amsa ba. Gwamnati ta zo ta tafi, ta masu kaki da ta masu babbar riga, kowace ta zagi wadda ta gabace ta, amma a kan kabad ɗin da aka kulle takardun nan bakinsu ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da kai, 'yarka Najaha, wadda take koyarwa a Damagaram, ta rubuta ta takwas. Ta haɗa da takardar likita. Ta ce mahaifinta ba ya neman ƙara, ba ya neman ramuwa, so yake ya wanke wani bawan Allah kafin ya bar duniya. Amsa ta iso kwana tara bayan mun binne ka, da hatimi ja. Ta ce takardun da ake magana a kansu sun shafi tsaron ƙasa, ba za a buɗe su ba.

To, ina tambayar mai hatimin nan, ko wane ne shi. Dosiyen da kuka ce babu shi, wanda kuma kuka ce ya salwanta, yaushe ya dawo har ya zama tsaron ƙasa? Mutumin yana ƙarƙashin ƙasa. Masarar an cinye ta shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, waɗanda suka ci ta suka rayu sun haifi sojojin da ke tsaron ƙasar yau. Jakunan sun mutu. Kwarin ma an yi gidaje a cikinsa. Wane maƙiyi ne zai ci mu da yaƙi idan ya ji cewa wani malamin lakwal ya ciyar da mayunwata? Ba ƙasa kuke tsaro ba. Kanku kuke tsaro, da al'adarku ta sa maƙwabci ya riƙa leƙen maƙwabci, domin kuna son gobe ma in kun nemi mai yi muku a samu. Kun san in aka buɗe kabad ɗaya, mai kai rahoto na gaba zai yi tunani sau biyu.

Alhaji, ga abin da ya faru a gidanka ranar da ka rasu, tunda ba ka gani ba. Ka bar wasiyya a gaban liman da matarka Hajiya Baiwa cewa Haruna ne zai yi maka wanka. Kowa ya gane nufinka. Ba a ba wa kowa wankan gawa sai amintacce, wanda idan ya ga aibi zai rufe. Ka so ka faɗa da jikinka abin da suka ƙi ji daga bakinka. Haruna ya zo da sabulu da turare a leda, ya naɗe hannun riga. Babban ɗanka Khalifa ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

Ya ce, “Baba Haruna, ka yi haƙuri. Mahaifina ya yafe maka, wannan tsakaninku ne. Amma hannun da ya kai shi kaso ba zai taɓa gawarsa ba ina raye.”

Liman ya tuna masa wasiyya. Khalifa ya ce a kawo takarda ta nuna ba shi ba ne, shi da kansa zai durƙusa ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Ba na ganin laifin Khalifa. Yana da shekara tara aka tafi da kai, ya tashi da abin da gari ya faɗa masa. Haruna ya ajiye ledar a gefen randa, ya saki hannun rigarsa, ya fita. A maƙabarta ma a bayan kowa ya tsaya, bai samu ya kama makara ba. Duk kwanakin zaman makoki yana zuwa, amma can ƙarshen layi yake zama, kusa da inda ake ajiye takalma.

Ina tsaye a tsakar gidan lokacin da aka yi wannan. Taku biyar ne tsakanina da Khalifa. Na yi shiru, kamar yadda na saba.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda ya koya mini aikin wasiƙa ya koya mini doka ɗaya: kada takarda ta bar teburinka ba ka ajiye kwafinta ba. Kullum fara biyu, da baƙar takardar karbon a tsakani. Wasiƙa takan ɓace a hanya, mai ita ya dawo bayan wata uku, sai ka ciro kwafi ka sake bugawa. Hannuna ya saba da haka har ba na sanin na yi. Duk abin da na taɓa bugawa yana cikin akwatunan ƙarfe uku a ɗakina, shekara bisa shekara, ɗaure da zare.

A shekarar tamanin da uku wani mutum ya zo daga Damagaram, ya zauna a bencina kamar mai son a rubuta masa wasiƙa. Ya ce teburin nan da izinin hukuma yake nan, kuma izini abu ne mai ƙarewa. Ya ce duk sirrin garin nan ta hannuna yake bi, abin da suke so kaɗan ne, shafi ɗaya a wata game da Idrisa Shekara. Ina da mata da ƙananan yara, ba ni da gona, ba ni da wata sana'a. Wannan ba uzuri ba ne, akwai waɗanda aka yi wa irin wannan magana suka ƙi. Ni tsoro na ji, na ce to.

Da farko shirme nake rubuta musu. Ya je suna a Kance, ya sha fura a gidan wane, ya ce farashin taki ya yi yawa. Na riƙa gaya wa kaina cewa ba na cutar da kowa. Sai ga Haruna ya zo teburina ranar kasuwa, ya sunkuyo, ya ce in rubuta wa yayansa da ke wancan gefe cewa a kawo kaya ranar kaza, a kwarin da ke bayan Kurni. Bai iya rubutu ba. Ya amince da ni kamar yadda mutum yake amincewa da likita. A satin nan mutumin Damagaram ya dawo, ya ce ya gaji da labarin fura, in ban kawo abu mai nauyi ba gobe za a ɗauke teburin. Na ba shi ranar, na ba shi kwarin.

Ni ne, Alhaji. Ni na kai ka kaso. Haruna kuwa da gangan suka sake shi da wuri, don idon gari ya koma kansa, teburina ya ci gaba da yi musu aiki. Ya kuma ci gaba, duka-duka shekara bakwai da 'yan watanni. Rahoto tamanin da shida na buga, kowane da kwafinsa, domin ko a wannan ƙazamin aiki hannuna bai manta da karbon ba.

Ka fito daga kaso ka ci gaba da zama a bencina. Duk zuwan da za ka yi Yamai sai ka kawo mini ƙyallen tawada na keken rubutu, kana cewa kada alƙalamin talakawa ya bushe. Wasiƙunka bakwai na neman dosiye, kana faɗa ina bugawa. Duk sa'ad da amsa ta zo da a'a, kai ka yi baƙin ciki, ni in yi ajiyar zuciya a ɓoye. Don haka idan na zagi mai hatimi, in haɗa da kaina. Rufin da suka yi, ni ya rufa wa asiri, kuma na ji daɗinsa shekara da shekaru.

Kwana goma kafin ka rasu na zo duba ka. Ka sa aka tayar da kai zaune. Ka ce, “Lawwali, mutane suna zaton ina neman takardun nan ne don in san wanda ya yi. Wallahi ba shi nake nema ba, shi ya ji da Ubangijinsa. Wanda bai yi ba nake so a sani.” Ka daɗe kana dubana. Ban san ko ka sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Na ce Allah ya ba ka lafiya, na ɗauki takalmina. Wannan ce dama ta ƙarshe da na samu in nemi gafararka kana ji, na bar ta ta wuce, kuma ina jin zafinta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Shekaranjiya na buɗe akwati, na ciro rahoton kwarin daga ɗaurin tamanin da huɗu. Takardar ta yi ja, amma rubutun yana nan sarai, da kwanan wata, da lambar da suka ba ni a madadin suna. Na tafi da ita gidan Haruna. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na miƙa masa. Ya juya ta, ya mayar mini.

Ya ce, “Malam Lawwali, ai ka san ban iya ba. Kai ne mai karanta mini takarda tun da can. Karanta.”

Na karanta masa da Faransanci, na juya masa da Hausa, na gaya masa wanda ya buga ta. Ya ajiye igiyar a gefe. Na ce ya yafe mini, ko ya tsine mini, duk wanda ya zaɓa daidai ne.

Ya ce, “Ranar da na kai matarka Damagaram, taya ta fashe sau biyu. Da hannu na canza, ko jak babu.” Sannan ya ce, “Me ya sa ka kawo mini? Ni ai na san ban yi ba. Ba ni za ka karanta wa ba. Je ka karanta wa gari.”

Bai ce ya yafe ba, kuma ban cancanci ya faɗa ba tukuna.

Don haka ina sanar da jama'ar Matameye da Kance da Kurni, da duk wanda ya ci masarar tamanin da huɗu. Ranar Lahadi 23 ga Nuwamba za a yi addu'ar arba'in ta Alhaji Idrisa a ƙofar gidansa. Bayan an shafa fatiha zan miƙe, in liman ya ba ni izini, in karanta shafin nan da bakina. Sauran tamanin da biyar ɗin na riga na damƙa su ga Najaha, ta kai su inda ake ɗaukar hoton takardu, an yi kwafi an rarraba a gidaje fiye da ɗaya. An ce mini abin da zan yi laifi ne, domin takardun hukuma ne. A teburina aka buga su, wasunsu ma da tawadar da marigayin ya saya mini. Shekarata saba'in da huɗu. Teburin da aka tsorata ni da shi tuni gara ta cinye shi. Na san bayan Lahadi hira za ta riƙa mutuwa idan na iso majalisa, na san sunan da za a kira jikokina da shi. Haruna ya ɗauki wannan kaya shekara arba'in da ɗaya ba nasa ba ne, lokaci ya yi da mai kaya zai karɓa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Idrisa ɗan Shekara. Ka yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa mayunwata, ka sa watannin da ya yi a tsare da ciwon da ya ɗauko can su zama kaffara a gare shi. Ka haɗa shi da Manzonka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka sa littafin da zai karɓa ranar hisabi ya zo masa ta hannun dama, a buɗe, babu shafin da aka ɓoye masa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Baiwa, wadda ta riƙe gida wata goma sha shida ita kaɗai saboda abin da na rubuta, ga Najaha, ga sauran 'ya'ya da jikoki, da dukan jama'ar yankinmu. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ban roƙe ku ku karɓi gaisuwata ba.

Kai kuma Khalifa, ɗana, ka ce a kawo takarda. An kawo. Wankan ya wuce, ba za a maimaita shi ba. Amma ranar Lahadi akwai tabarmar iyalin mamaci, wadda ake zuwa a durƙusa a yi wa gaisuwa. Ka bar wa Baba Haruna wuri a kanta, kusa da kai. Ni na san wurina, can wajen takalma.